Ranar da Goggo Mu'minatu ta ɓamɓare maganinta

A Aujara, in ka tambayi yaran yanzu gidan Goggo Mu'minatu, cewa za su yi, "Tsohuwar nan mai zare? Bi ta bayan injin niƙa." Manya kuwa da wani sunan suka san ta: Goggo mai maɗiga. Tsakanin wancan suna da wannan yini guda ne, wata Talata a daminar dubu biyu da ɗaya. Har gobe akwai matan da ba su yafe mata wannan Talatar ba. Ita kuwa ko a jikinta, wai an tsikari kakkausa.

Bafulatana ce, amma iyayenta sun ajiye sanda sun kama garma tun ba a haife ta ba. Maganin maɗiga a wurin kakarta ta gada. Ƙaro ne da garin bagaruwa da jar kanwa da man shanu, sai wata saiwa da har yau ba ta faɗa wa kowa sunanta ba. Ta kwaɓa a ƙoƙo, ta dafe a tsakar kan jariri, wurin nan mai taushi da ke bugawa kamar ƙirjin tsuntsu, ya bushe ya yi tauri kamar bayan kunkuru. Dokarsa ɗaya ce tak: ba a cirewa. Shi zai faɗi don kansa. Duk uwar da ta ɓamɓare, ta buɗe wa iska ƙofa, kuma abin da ya biyo baya kada ta zo ta yi wa Goggo kuka. Shekara goma sha biyar tana nanata wa mata wannan doka. Daga Jahun ana zuwa, daga Taura ana zuwa, wata da goyo a baya, wata da kaza a hammata.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, gwanintar ba a ƙoƙon take ba, a yatsunta take. Ta taɓa kan jarirai ya fi a ƙirga. Da ta ɗora yatsa biyu ta san maɗigar da ta faɗa da wadda ta kumbura, ta san inda ƙashi ya ƙare da inda fata ce kawai tsakaninka da abin da ke ciki.

Duk da haka yatsun nan ba su ceci nata ɗan ba.

A alif ɗari tara da casa'in da uku, lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ta haifi autanta Ashafa yana bakwaini. Aka yi masa yadda ake yi wa bakwaini a wajenmu: aka naɗe shi a auduga, aka rufe ɗaki, aka sa garwashi, ba mai ganinsa sai ya cika watanninsa tara, don kada baki ya kama shi. Ta dafe masa maganinta da hannunta. Yaro ya ƙi ƙiba, kai kuwa ya yi ta girma. Ta ƙara magani a kan magani. Kan ya yi ta girma har wuya ya kasa ɗauka, idanu suka koma kallon ƙasa kamar rana za ta faɗi. Sai maganganu suka fara: musayar aljanu ce, sun ɗauke na gaske sun ajiye nasu. Wata tsohuwa har ta ba ta shawarar ta kai shi bakin kogi ta juya baya. Goggo ta bi ta da muciya har zaure. Wata goma sha huɗu ya yi, ya koma. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, Fulani ba sa yi. Amma ta ajiye hulunansa guda biyar a ƙasan adaka, kowacce ta fi 'yar'uwarta girma, kuma tambaya ɗaya ta zauna mata a ƙirji shekara takwas: me ke cikin kan nan da yatsuna suka kasa kaiwa?

To, ga Zaituna, 'yarta ta fari. Goggo ba ta kiran sunanta saboda kunyar ɗan fari, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Zaituna tana auren Kamilu, wani tela a nan Aujara. Cikinta na fari yana wata biyar ta fara zubar jini, Kamilu ya ɗauke ta da Goggo zuwa wani asibitin kuɗi a Dutse inda aka ce an kawo injin hoton ciki. Goggo ta shiga ɗakin ne don riƙe mayafi. Likitan wani Babarbare ne dogo, Dakta Modu. Ya shafa wa cikin wani mai mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya ɗora wani abu kamar ƙaramin dutsen guga, sai ga kan mutum a talabijin, zagaye, da wani layi fari ya raba shi biyu.

"Wancan layin fa?" in ji Goggo.

"Tsakiyar ƙwaƙwalwa ke nan, Iya."

"Ƙwaƙwalwar ɗan da ba a haifa ba kake gani?"

"Ita fa."

Ta miƙa wa Zaituna mayafinta suka fito. A mota har suka iso gida ba ta ji hirar da ake yi ba.

Jinin ya tsaya. Kamilu ya tafi Fatakwal neman aikin ɗinki, ya bar wa yayansa Sharhabilu amanar gida, Zaituna ta dawo gaban iyayenta goyon ciki. A wata na bakwai naƙuda ta zo ba sallama. Namiji, ɗan mitsitsi, tafin hannun Malam Gwadabe, mijin Goggo, ya kusa rufe shi. Ranar suna aka raɗa masa Muslim. Ranar kaɗai aka buɗe ɗaki, ya cika da mata, kowa ta zuba wa Goggo ido, ƙoƙo yana gefe. Zuciyarta ta ce kar ki shafa. Hannunta bai ji ba. Mai maganin maɗiga ta ƙi shafa wa jikanta, da wane baki za ta yi bayani? Ta dafe masa, mata suka yi guɗa a hankali don kada ya firgita.

Hular kasuwa ba ta zama a kansa, don haka ta ɗinka masa wata da guntun yadi. Ranar suna hular har kunne take rufewa. Kwana ashirin da haihuwa, da safe bayan wankan jego, ta zo sa masa, hular ta tsaya a kan maganin ta ƙi sauka. Ta ja. Ta ƙi. Ta ajiye, ta bi gefen maganin da yatsa. Inda ƙasusuwan kai ya kamata su haɗe, yatsanta ya faɗa cikin rami. Yaron kwana uku ke nan yana amai, nono sai an ɗura masa da cokali, kukansa ya koma siriri kamar na mage. Ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Idanun sun fara sunkuyawa.

Ta san wannan kallon. Ta taɓa rainonsa wata goma sha huɗu.

"Ke," ta ce da Zaituna, "nemi mayafinki. Dutse za mu."

Kafin mayafi ya fito daga akwati, Sharhabilu ya yi sallama a zaure. Shekarun nan ne da shari'a ta dawo, gari ya ɗauki zafi, samari masu gemu suna sa kai suna gyara wa mutane zama, kuma Sharhabilu yana gaba-gaba a cikinsu. Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙarya. Tun da yaron ya fara amai kullum sai ya zo ya yi masa tofi. Amma irin mutanen nan ne da in suka riƙe amana sai sun shaƙe ta.

Goggo ta fito ta same shi a soro, Malam Gwadabe yana gefe a kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya.

"Goggo, na ji wai tafiya za a yi?"

"Ka ji daidai. Kunnenka lafiya lau."

"Mai jego? Ko arba'in ba ta yi ba. Kuma bakwaini a fito da shi cikin iskar damina? Wannan shafar aljanu ce, Goggo, ruƙiyya muke yi, a yi haƙuri."

"Yi ruƙiyyarka, Malam Sharhabilu, ba ta hana mota tafiya. Kai da bakinka na ji ka a lasifika kana cewa neman magani umarni ne."

"Na faɗa. Amma mace ba ta fita sai da izinin mijinta. Kamilu ba ya nan, ni ne wakilinsa, ban kuwa bayar ba. Zan rubuta masa wasiƙa, direban da ke zuwa can ranar Asabar zai kai."

"Asabar. Ta je ta dawo, sati nawa ke nan?"

"Biyu, in Allah ya so."

Goggo ta dube shi tun daga hula har silifas. Sati biyu hula nawa ke nan? Ita ta sani, suna ƙasan adaka.

"Ɗan nan, ranar da kakata ta shafa maka maɗiga ni na riƙe ƙoƙon. Fitsari ka yi min a zane. Yau kai ne kake karanta min doka. To na ji, na karɓa. Yarinyar nan ba za ta taka ƙofar gida ba. Izininta yana hannunka." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Shi jinjirin fa, matar wa ne?"

Ba ta jira amsarsa ba.

Ta juya wajen mijinta. "Malam, ni kuma nawa izinin a hannunka yake. Za ni Dutse."

Malam Gwadabe bai ko ɗago ba. "Shekara ashirin da ɗoriya, yau ce rana ta farko da kika tambaye ni. Je ki, kafin ki saba."

Ta sa Zaituna ta tatsi nono a kofin silba mai murfi. Ta tuɓe wa yaron audugar, ta kwantar da shi tsirara a ƙirjinta, fata da fata, yadda makiyaya ke yi wa ɗan akuyar da aka haifa cikin ruwan sama, ta ɗaure da zane, ta zumbula hijabi har ƙasa. Zaituna tana kuka a bakin ɗaki. Goggo ba ta dube ta ba, ta ce da bango, "A bar kukan nan, nono yake ƙafarwa."

Daga Aujara zuwa Jahun a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gyaɗa. Daga Jahun ta samu tasi, mata a baya, maza a gaba. Gero ya yi kai hagu da dama, hadari yana haɗowa ta gabas. Duk inda mota ta faɗa rami sai ta sa hannu cikin hijabi ta ji ko ƙirjin nan yana motsi. A Kiyawa da aka tsaya sauke fasinja, ta ɗura masa cokali uku, ya mayar da biyu.

Ana kiran azahar ta isa asibitin. Mata masu ciki sun cika benci, kowacce da gorar ruwa, don sai mara ta cika ake hoton. Nas ɗin da ke rubuta suna ta ɗago, ta ga mace da tudu a gaba cikin hijabi, ta ce, "Hoton ciki?"

"Hoto," in ji Goggo.

"Suna?"

"Mu'minatu Gwadabe."

"Zauna a layi. Ki sha ruwa da yawa."

Ta zauna. Ba ta yi ƙarya ba, ba a dai tambaye ta ba ne. Wata yarinya a gefenta ta leƙo ta ce, "Iya, naki cikin a sama yake. Namiji ne wallahi."

"Namiji ne," in ji Goggo.

"Wata nawa?"

"Bakwai da kwana ashirin."

"Lallai ke kin iya lissafi!"

Da layi ya zo kanta, Dakta Modu yana rubutu, ya nuna gado da biro. "Kwanta, ki ɗaga riga." Ta ɗaga hijabi, ta kwance zane, ta ajiye masa Muslim a kan gadon.

Likita ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Nas ta shigo da gudu tana salati. "Baiwar Allah, wannan injin na masu ciki ne! Ɗakin yara yana can baya!"

"Na san inda yake. Ba can na zo ba." Goggo ta dubi likitan. "Kai Babarbare, ba ka gane ni ba? Kusan wata uku da suka wuce ka nuna min ƙwaƙwalwar yaron nan yana cikin uwarsa. Ita nake so ka sake nuna min."

Ya dube ta, ya ga tsagar Fulani a gefen bakinta, ya yi ɗan murmushi duk da halin da ake ciki. "Wato baiwata ce ta zo ba ni umarni a ofishina."

"Uwargijiyarka dai. Duba min kansa."

"Iya, bayan haihuwa ƙashi yana tare hoton. Injin ba ya ratsa ƙashi."

"Nan babu ƙashi." Ta nuna tsakar kan. "Daga nan zuwa nan, faɗin yatsa uku, fata ce kawai. Yanzu ma ya fi uku, don ƙasusuwan sun buɗe. Kada ka koya min maɗiga, ɗana, ita nake ci ita nake sha."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya sunkuya, ya taɓa gefen kan, ya ɗaga fatar idon yaron, ya ɗauko tef irin na tela ya zagaya kan. Ya daɗe yana kallon tef ɗin.

"Gaskiyarki," ya ce a hankali. "Ana yi. Ta maɗiga ake leƙawa. Na ga an yi sau biyu lokacin ina makaranta, amma da wani ɗan ƙaramin kai na musamman, ba wannan ƙaton na masu ciki ba. Hoton ba zai fito tas ba."

"Ko dishi-dishi ne, ya fi duhu."

"To. Amma wannan abin," ya ƙwanƙwasa maganin da farce, ya yi ƙara kamar sakaina, "sai an cire shi. Ko kaɗan injin ba zai gani ta cikinsa ba. Wace ce ma take dafa wa jarirai wannan kwalta a ka?"

Nas ta ce, "Wata mata ce a Aujara, Dakta. Duk yaran wajen da shi suke zuwa. Kuma ba sa yarda a taɓa, wai in an cire yaro mutuwa yake."

Goggo ta ɗago ta dubi nas.

"Ni ce matar," in ji Goggo.

Nas ta sunkuyar da kai. Likita ya miƙa hannu wajen almakashi.

"Ajiye. Ba mai cire shi sai ni."

Nan fa ake yinta. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Ba ta yi boko ba, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce dokar kakarta ƙarya ce. Ita kanta ta yarda da dokar, rabin zuciyarta har a lokacin yana ce mata in kika buɗe, iska ta shiga, ke kika kashe shi, kuma duk Aujara za ta san hannun wa ne. Ɗaya rabin yana ƙirga huluna biyar. Ta bar wa Ashafa nasa har ya faɗi don kansa, ta bi doka ƙafa da ƙafa, me dokar ta ba ta?

Ta ce a kawo ruwan ɗumi. Ta zuba sauran nonon Zaituna a ciki, don ta san maiƙo ne ke sakin ƙaro. Ta jiƙa bakin ɗankwalinta ta ɗora, ta jira, ta sa farcen babban yatsa a gefe. "Angona," take ce wa yaron, "yi haƙuri, kwalliyar ce ba ta yi ba, za a sake maka wata." Ɓangare ya ɗago. Wani ya biyo. Na ƙarshe ya taho da 'yan gashi uku. Maɗigar ta bayyana, a kumbure, tana sheƙi, tauri kamar fatar kalangu.

Ta tsaya tana jira. Yaron ya yi atishawa, ya ci gaba da numfashi.

Likita ya ɗumama man nan a tafin hannunsa, ya shafa, ya ɗora gefen kan injin a hankali, yana karkata shi. Talabijin ta yi ta yayyafi. Ya murɗa wani abu, ya sake karkatawa. Sai ga shi. Layin nan fari na tsakiya, da wasu baƙaƙen ramuka biyu hagu da dama, manya, kamar an raba goruba biyu. A cikin na dama akwai wani curi fari.

"Kin ga waɗannan baƙaƙen? Ɗakunan ruwa ne, kowa yana da su. A lafiyayyen yaro sirara ne kamar ƙwallon dabino. Wannan farin kuma jini ne da ya daskare. Jijiyoyin kan bakwaini ba su yi ƙwari ba, sai su fashe a kwanakin farko. Jinin ya toshe hanyar da ruwan ke fita, ruwa yana taruwa, yana danne ƙwaƙwalwa, yana tura ƙashi. Shi ya sa kan ke girma."

Goggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Shekara takwas tana tambaya, ga amsa a akwatin ƙarfe.

"Maganina ne ya jawo?"

"A'a. Bai jawo ba. Bai kuma hana ba. Ya dai rufe wurin da za a gani."

Ta haɗiye wannan. Ɗaci gare shi, amma ta haɗiye.

"Na yi wani ɗa, bakwaini, haka kansa ya yi. Aka ce aljanu ne suka musanya shi."

"Ban gan shi ba, Iya, ba zan yanke ba. Amma yadda kika faɗa, kamar wannan ne."

"Ashe nawa ne," ta ce. "Ashe duk wata goma sha huɗun nan ɗana nake goyo." Ta share fuska da hijabi sau ɗaya, shi ke nan kukan da aka taɓa gani ta yi. "To yanzu fa? Ka gani, sai me?"

"Sai Kano, babban asibitin koyarwa. Za su riƙa zuƙe ruwan, in ya yi ƙwari su sa masa siririyar roba da za ta riƙa sauke shi. Ban yi miki alkawarin zai tashi kamar kowa ba, jinin ya riga ya taɓa wani wuri. Amma in an bar shi, kin fi ni sanin ƙarshen. Kuma da uwarsa za a tafi, gobe, ba jibi ba. Nono yake buƙata."

Ya danna wani maɓalli, injin ya turo 'yar takarda mai santsi da hoton a jiki. Ya haɗa mata da wasiƙa. "Ungo, uwargijiyata. Yau dai Bafulatana ta ci Babarbare."

"Dama can," in ji Goggo, tana mayar da yaron ƙirji.

Da la'asar sakaliya ta sauka a Aujara, ruwa ya jiƙa mata gefen hijabi. Ba ta shiga gida ba. Ta wuce kai tsaye dakalin ƙofar gidansu, inda Sharhabilu yake zaune da mutanensa da Malam Gwadabe, suna jiran ganin abin da za ta dawo da shi, rai ko gawa. Mata sun leƙo ta katanga. Ta buɗe hijabi ta fito da kan yaron, tsirara, ba magani. Aka ji wata ta ce, "Innalillahi, ta ɓamɓare!"

"Na ɓamɓare," in ji Goggo da ƙarfi, don na bayan katanga su ji. "Da hannuna. Ga shi yana numfashi, mai shakka ta zo ta taɓa."

Ta miƙa wa Sharhabilu 'yar takardar. "Malam, kai ne mai karatu. Ga cikin kan ɗan ƙaninka. Wannan ruwa ne, wannan jini. Duba da kyau ka nuna min aljanin, in gaishe shi."

Ya karɓa. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Mutanensa suka leƙo ta kafaɗarsa.

"Gobe da safe za a kai shi Kano, kuma da uwarsa," ta ce. "In ka ba da izini, Allah ya yi maka albarka. In ka hana, riƙe takardar nan, in Kamilu ya dawo ya tambayi ɗansa sai ka ba shi ita."

Sharhabilu ya sake duban takardar. Da ya buɗe baki, muryar ba irin ta lasifika ba ce. "Ba muharrami, Goggo. Tafiya ce mai nisa."

Malam Gwadabe ya miƙe yana kaɗe riga. "Ni me nake, turmi? 'Yata ce, a gidana take wanka. Ni zan kai ta."

Sharhabilu bai ce na yarda ba. Bai taɓa faɗa ba har yau. Amma da gari ya waye, motar da ta tsaya a ƙofar gidan, shi ya je tasha ya kirawo ta.

Wata biyu suka yi a Kano. Karsana ɗaya da Goggo ta mallaka, ita aka sayar a wannan jinya, ba ta ko waiwaye ta ba. An zuƙe ruwan, an sake zuƙewa, daga baya aka sa robar. Muslim bai zauna ba sai da ya shekara, bai taka ba sai da ya shekara uku, kuma har yau yana jan ƙafar hagu, hannun hagun ma ba ya damƙa sosai. Yana nan a kasuwar Jahun yana gyaran waya, da hannu ɗaya da rabi, bakinsa kuwa irin na kakarsa.

Sana'a kam ta mutu a ranar. Wa zai kawo ɗansa wurin wadda ta karya dokarta da kanta? Wasu suka ce asibiti ne ya saye ta. Wasu suka koma wurin wata a ƙauyen gaba, tana nan tana dafawa har yanzu. Goggo ta ba kaji ƙoƙon suna shan ruwa. Ta samo zaren saƙa. Duk inda ta ji an haifi bakwaini, ko an kira ta ko ba a kira ta ba, sai ga ta da sallama. Ta zagaya kan da zare ta ƙulla, bayan kwana uku ta dawo ta sake zagayawa. In ƙulli ya gudu da yawa, ko yatsunta suka ji abin da ba su so, ba ta barin gidan sai an nemo mota. An yi mata rashin kunya, an sakar mata kare sau ɗaya a wata ruga. Ta koma washegari da sanda.

Takardar hoton tana ƙasan adaka tare da hulunan Ashafa. Irin takardar nan ce da ke koɗewa, yanzu fara ce fat, ko layi babu. Ranar sallar da ta wuce Muslim ya zo gaishe ta, ta fito da ita tana nuna wa wata jikarta mai ciki.

"Goggo, wannan fa ba komai a jiki," in ji shi. "Kawo in ɗauka a waya ko za a iya gyarawa."

Ta fizge abarta. "Gyara ƙafarka tukuna, miji har miji sai jan ƙafa. Ni na ga abin da ke ciki, ba sai ka gyara min ba." Ta ninke takardar, ta jawo jikar kusa, ta ciro zare daga bakin zane ta danƙa mata a hannu. "Ke kuma riƙe wannan. In ya zo da wuri, kada ki bari kowa ya shafa masa komai a ka. Ko ni ce."